Kwaɗon Cikin Huhun Goro

Ni mai ɗaukar hoto ne a Paraku. Ɗan shagona yana unguwar Albarika, tsakanin mai walda da wata mai sayar da shinkafa da wake, kuma aikina bai wuce hoton katin shaida da na biki da na suna ba. Da wani ya ce mini wata rana zan riƙa rarrafe cikin taɓo ina bin kwaɗi da kyamara, da na ce a kai shi a duba kansa. To, na yi, kuma saboda mahaifina na yi.

Mu mutanen garin Jugu ne. Kakanninmu fataken goro ne, Baba kuma ya gaji sana'ar a daidai lokacin da manyan motoci suka kori jakuna daga hanya. Da tsufa ya kama shi gwiwoyi suka ƙi, sai babban yayanmu, wanda ke harkar shanu, ya ɗauko shi ya dawo da shi gidansa a Zongon Paraku. Baba bai so ba, amma ya zo, bai kuma daɗe ba ya yi wa kansa wuri. Akwai wani benci a ƙofar wani tela kusa da masallaci, nan yake zama daga la'asar zuwa magariba. Mai neman aure ya zo ya ɗauke shi ya yi masa jagora, masu rigima su zo ya sasanta su, wanda ke son sanin yadda danginsu suka haɗu da dangin wane ya zo ya tambaya. In Baba ya ce haka ne, an gama. Ba shi da gona, ba shi da shago kuma, maganarsa kaɗai ta rage masa.

Yana da labarin da yake so fiye da kowanne. Goro ba ya son bushewa, don haka tun daga kudu ake naɗo shi cikin ɗanyen ganye mai faɗi a ɗaure tam, shi ne huhu, ana tafe ana yayyafa masa ruwa. Baba ya ce yana yaro, wani lokaci in aka kwance huhu a zauren kakanmu sai a tarar da ɗan kwaɗo maƙale cikin ganyen, da ransa. Kore shar, da farin zane a kowane gefe, bakin yatsunsa da 'yan dunƙule kamar kan ashana. Ba a kashe shi, ba a yar da shi. Kakanmu yakan ce baƙo ne da ya biyo kaya, gidanmu kuwa gidan saukar baƙi ne. Sai a sa shi cikin ƙwarya da ɗan ruwa a kai shi fadamar bayan gida a sake shi, huhun nan kuma ba a fara sayar da shi sai an ɗebi sadaka a ciki. Baba yakan ƙare da cewa jikokinsu suna nan a fadamar har gobe.

Mun ji labarin nan har mun haddace. Babu wanda ya taɓa damuwa da gaskiya ne ko ba gaskiya ba, sai ranar da Baba ya fito daga masallaci ya wuce kwanar gida bai sani ba, aka tsinto shi can wajen kasuwa yana waige-waige. Sau ɗaya tak hakan ta faru a lokacin, shi kuma ya ce tunani ne ya ɗauke shi. Amma Yaya ya tsorata. Ba zan zalunce shi ba, shi ke ciyar da Baba, shi ke sayen magani, shi ke ɗaukarsa cak in ƙafar ta motsa. Sai dai Yaya mutum ne da in ya tsorata yake zama mai taurin kai. Ya yanke a ransa cewa tsoho ya fara ruɗewa, ya shiga neman hujja, hujjarsa ta farko kuwa kwaɗon nan ne.

"Kwaɗo tun daga kurmi har Jugu, cikin goro, kwana da kwanaki a kan hanya?" in ji shi. "Haba! Wa ya taɓa gani in ba shi ba?"

Abin takaici, babu. Sa'annin Baba da suka zauna a zauren nan duk sun riga mu gidan gaskiya. Yaya ya riƙa faɗa wa mutane a hankali, yana taɓa gefen kansa da yatsa, wai don a riƙa yi wa tsoho uzuri. Mutane kuwa suka yi masa uzurin da ya fi zagi ciwo. Wata Asabar wasu maƙwabta za su je neman aure, Baba ya yi wanka ya sa babbar riga ya zauna yana jira, ashe sun ɗauki wani dattijo daban sun tafi tun hantsi. Na zo gaishe shi na tarar da shi cikin rigar, ya ce mini zafi ne ya sa bai fita ba. Wallahi a ranar nan, da a ce na ga Yaya da mun yi abin kunya.

Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Kai da kake yawo da injin nan a wuya, ba za ka je ka ɗauko mini shi ba?"

Na ce, "Baba, ai sai in kamo shi cikin kwalba in kawo maka har gida."

"Kul!" ya ce. "Baƙo ne. Ka taɓa ganin an ɗauro baƙo cikin kwalba? Hotonsa kawai."

Na roƙi Yaya ya bar ni in kai Baba Jugu ya nuna mini da kansa, ya ce ba za a jijjiga tsoho a mota saboda kwaɗo ba, kuma ko an je wa zai shiga da shi taɓo? A nan kam yana da gaskiya, shi ya sa abin ya ƙara ba ni haushi.

Ruwa ya riga ya sauka. Na fara gwaji a nan Paraku, a wani kwari da ke gangaren unguwar Ganu inda ruwa ke kwanciya. Ni da na saba in ce wa mutum ɗaga haɓa, gyara hula, kalli nan, sai ga ni da abin da ba ya jin magana. Ka durƙusa ka daidaita, kafin ka danna ya yi tsalle, ka tashi da hoton laka. Mata masu wanki suka riƙa kallona suna ƙus-ƙus. Wata ta kasa haƙuri ta ce, "Malam, wane boka ne ya sa ka wannan aiki?" Na ce bokan da ya haife ni. Suka yi ta dariya, amma na ga ta jawo ɗanta kusa da ita.

Daga nan na koma zuwa Jugu duk lokacin da babu biki. Gwaggona, ƙanwar Baba, ita ke riƙe da tsohon gidan. Na tambaye ta labarin, ta ce ita ba a barin 'ya'ya mata su shiga zaure in ana kwance kaya, kuma tazararsu da Baba da yawa. "Ni dai na san an hana mu jifan kwaɗi a bayan gida," ta ce, "dalili kuwa ban tambaya ba, don ko yanzu in na ga kwaɗo tsigar jikina tashi take." Ta ba ni tsofaffin takalman roba na mijinta marigayi, ta ce in na dawo kada in kuskura in taka mata tabarma.

Fadamar da Baba ke kwatantawa kamar babu iyaka, na tarar saura 'yar tsiri. An yi gine-gine an ci rabinta, makanikai suna zubar da baƙin mai a gefe ɗaya, leda ko'ina. Abin da ya rage shi ne ɗan fili na shinkafa da dogayen ciyayi a bakin ruwa. Amma da rana ta yi sanyi, kai! Sai ka rantse kasuwa ce ke ci. Manyan kwaɗi suna gurnani daga ƙasa, ƙozo yana nasa, can sama cikin ciyawa kuma wasu suna wani ƙyal-ƙyal kamar ana buga cokali a gilashin shayi. Waɗannan na sama su na sa wa ido, tunda Baba ya ce nasa mai hawa ganye ne.

Sannu a hankali na koyi abin. Bayan ruwa ya ɗauke ake zuwa, ko da sanyin safiya ko gab da magariba. In ka doso sai su yi tsit gaba ɗaya, sai ka tsaya ƙyam kamar an dasa ka har su manta da kai, sauro kuwa yana cin rabonsa ba ka da ikon kai masa mari. Gilashin kyamara ya yi ta yin hazo ina gogewa da bakin riga. Na taɓa zamewa na zauna daɓas cikin ruwa, hannu ɗaya a sama riƙe da kyamara kamar mai rantsuwa, masu shinkafa suna yi mini sannu suna danne dariya. Na zagi kwaɗi, na zagi Yaya, na zagi kaina. Amma ba zan ɓoye ba, abin ya shiga raina. Ban taɓa sanin idon ƙozo ruwan zinariya ne ba sai da na leƙa shi ta kyamara.

Duk wanda na samu sai in wanke hotonsa a ƙaramar takarda irin ta hoton suna, yadda ya fito, da ciyawar da lakar da komai, in kai wa Baba. Ya sa tabarau ya kai hoton bakin ƙofa wajen haske. "Wannan ai ƙozo ne, ja'iri, shi ka je har Jugu ka ɗauko?" Ko ya ce, "Wannan burduddugi ne, mutanen ƙauye cinsa suke." Ya yi ta dariya har da tari. Rabon da in ji dariyarsa haka tun kafin ranar babbar rigar nan. In na tuna daminar, wannan zaman ne nake kewa, ni a ƙasa shi a kan kujera yana yi mini tsiya.

Damina ta ja baya, ruwa ya fara tsallake kwanaki, ni kuma na fara karaya. Har a raina na soma cewa anya Yaya bai yi gaskiya ba? Sai wata safiya bayan an kwana ana yayyafi, na sunkuya zan ciro takalmina da laka ta riƙe, na ɗago kai, ga shi dab da hancina a kan ganyen ciyawa. Bai fi farcen babban yatsana ba. Kore shar, farin zane a kowane gefe, 'yan yatsu da dunƙule a baki, ya naɗe ƙafafu ya lafe. Na ce la'ilaha illallahu a zuci, don ko numfashi ban yarda na yi ba. Na matso da shi ta kyamara har ya cika fuskarta, na danna, na sake dannawa. Da na fito kan tudu sai na ga ashe da takalmi ɗaya nake tafiya.

Ban san ko jikan na cikin huhu ne ko ɗan asalin fadamar ne ba, har yau ban sani ba. Na dai san abin da Baba ya kwatanta ke nan, babu ragi.

A sana'armu, wanda ka girmama shi kake cika takarda da shi. Ango, ko Alhaji da ya dawo daga Makka, ba ka barin shara a bayansa. Ka yanke gefe da gefe, ka faɗaɗa, ka sa a gilashi. Haka na yi wa kwaɗon nan ba tare da na tsaya tunani ba. Na yanke ciyawar duka, na wanke shi a babbar takarda, na sa masa firam mai ruwan zinariya irin na alhazai. Ya fito ƙato, ido ƙuru-ƙuru, har jijiyoyin maƙogwaronsa ana gani. Na tsaya ina yaba wa kaina. Kuma ban kai wa Baba ɗaki ba, na jira Juma'a bayan la'asar, lokacin da benci ke cika kuma na san Yaya yana nan. So nake a gani a bainar jama'a, kowa ya haɗiye maganarsa.

Na kwance takardar da na naɗe shi na ɗora masa a cinya. Mutane suka matso, tela ya tsayar da kekensa. Baba ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. Ina ganin yadda yake so ya ce shi ne, leɓensa har motsi yake. Amma Baba mutum ne da ya yi rayuwarsa yana auna goro da tafin hannu, bai taɓa kiran ƙarami babba ba don a ji daɗi.

"Ba shi ba ne," ya ce.

Na ce, "Baba, duba zanen! Duba yatsun!"

"Na gani. Kamar ta yi kama. Amma wannan ai ya kai kan kyanwa. Namu a kan goro ɗaya yake zama har da sauran wuri."

"Ni na ƙara masa girma, Baba. Ɗan mitsitsi ne, wallahi bai fi farcena ba."

Sai Yaya ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin ta wanda ya gaji. Ya ce, "To ka ji. Da injin nan ai ƙuda ma sai ka mai da shi bijimin sa. Ka sha wahala, mai hoto, Allah ya ba da lada, amma ga mai labarin da kansa ya ce ba shi ba ne."

Nan fa na tashi. Abin da na faɗa wa Yaya a gaban mutane ba zan maimaita shi a nan ba. Shi ma ya miƙe, aka shiga tsakani, tela yana ba da haƙuri, masu wucewa suka tsaya kallo. Muna cikin haka muryar Baba ta fito, ƙasa-ƙasa, amma kowa ya ji.

"Ku bari. Ku bari haka nan. Wataƙila mafarki na yi tun ina yaro na ɗauka gaske ne. Tsufa ne. Ku yafe mini, na sa ku faɗa a kan banza."

Ya miƙo mini hoton, ya nemi sandarsa, ya tafi gida tun ba a kira magariba ba. Ban taɓa jin abin da ya karya mini zuciya kamar wannan neman gafarar ba.

Washegari na sake wanke hoton daidai girman kwaɗon, ɗan ƙarami a tsakiyar farar takarda, na kai masa. Ko karɓa bai yi ba. Ya ce, "Na ce a bar zancen." Na gane abin da ya kamata in yi tun farko, in ɗauke shi tare da goro a gefe, abin da idon Baba ya san girmansa. Na sayi goro na hau mota zuwa Jugu. Na tarar ruwa ya janye, an fara yankan shinkafa, ciyawar ta yi ja. Na yi kwanaki ina zagaye da goro a aljihu, fadama shiru kamar ba a taɓa yin kwaɗo a cikinta ba. Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, ka haƙura sai wata daminar, in da rai."

Rai kam an samu. Amma Baba bai ƙara zama a bencin nan ba. Ya ce ƙafa ce. Masu zuwa tambaya suka ragu har suka ƙare, shi ma bai ƙara ba kowa labarin komai ba, ko na goro ko na wanin goro. Cikin bazara ya faɗi a banɗaki, aka kwantar da shi asibiti, ya fito da ƙafafunsa amma ruɗewar da ake ta yi masa zato ta zo da gaske. Wata rana ya gane ni, wata rana ya kira ni da sunan ƙaninsa da ya rasu tun ba a haife ni ba. Likita ya ce abin ya daɗe yana tafe, ba wanda ya jawo shi. Na ji, ina kuma so in yarda.

Ruwan farko na sauka na koma Jugu. Wannan karon na san inda zan tsaya da yadda zan jira, ban sha wuya sosai ba. Na sami kwaɗon a kan ganye, na soke farin goro a tsinke na kafa dab da shi, na kaɗa ganyen a hankali da sili. Ya yi ɗan tsalle ya sauka a kan goron ya zauna, ga sauran wuri kuwa a gefe. Na ɗauka. Shi ne hoto mafi kyau da na taɓa yi, kuma ina dannawa ina hawaye kamar wani yaro.

Yaya na fara nuna wa, a zaure. Ya karɓa ya kalla, ya kai shi wajen haske ya sake kallo. Sannan ya ce, "Ashe dai." Ya goge fuska da hularsa ya ce mu shiga tare.

Baba yana kishingiɗe, an yi masa wanka, ranar da ɗan sauƙi. Yaya ya durƙusa a gabansa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya sa masa tabarau da hannunsa ya ce, "Baba, ga baƙonka. Gaskiyarka ce, ni ne ban sani ba. Ka yafe mini."

Baba ya dubi Yaya kamar yana neman inda ya san shi, sannan ya dubi hoton. Fuskarsa ta ɗan washe, zuciyata ta buga. Ya kai yatsa ya shafa goron ya ce, "Fari ne, mai kyau." Sai ya ɗaure fuska, ya shiga kankare kwaɗon da farce.

"Wa ya bar wannan ƙazanta a kan kaya?" ya ce. "Ku cire shi maza kafin mai saye ya gani."

Yaya ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Na ce, "To, Baba, yanzu za a cire." Na zare hoton daga hannunsa a hankali na fita da shi.